Kun Tambaya: Me Ake Karewa a Tsohon Gidan Gona na Jan Bulo?

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan hoton da ya fito a wannan shafi kwanakin baya: gidan gona na jan bulo a gabashin Ingila, mai bene ɗaya, ƙofa a tsakiya, tagogi biyar a jere a sama, ɗaya daga cikinsu a toshe. Gidan yana cikin rajistar gine-ginen tarihi da doka ta kare. Ni na ɗauki hoton, lokacin da nake aikin auna tsofaffin gine-gine a yankin, kuma na kwana biyu ina zagaya gidan da tsani da littafin rubutu. Na zaɓi wasiƙu huɗu.

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Ingila, kuma irin gidan nan nakan hango su ta tagar jirgin ƙasa. Ban ga abin da ya bambanta shi ba. Ba fada ba ne, ba coci ba, ba a ce wani sarki ya taɓa kwana a ciki ba. Me ake karewa?

Wa alaikumus salam, 'yata. Daga jirgin ƙasa ba za ki gani ba. Sai kin tsaya a gaban bangon, kusa har kina iya ɗora tafin hannu a kai.

Abin da nake fara dubawa shi ne yadda aka jera bulo. Kowane bulo yana da tsawo yana da kai. Bangon wancan zamanin a cike yake, babu rata a tsakiya, kaurinsa inci 9 ko inci 13 da rabi, saboda haka dole birkila ya riƙa kwantar da wasu bulo a gicciye domin su ɗaure fuskar waje da ta ciki. Waɗanda aka gicciya, kansu kawai ake gani. Idan kin ga sahu guda duk kawuna, na bisansa duk tsawo, haka har sama, wannan shi ake kira ɗaurin Ingila, kuma shi ne tsohon yayi. Idan kuwa a sahu ɗaya ana yin kai, tsawo, kai, tsawo, wannan ɗaurin Filanda ne, wato Flemish bond a Turance. Ɗaya daga cikin manyan gine-ginen farko da aka yi da shi a ƙasar shi ne gidan da ake kira Fadar Kew, kusa da Landan, na shekarar 1631. Daga nan ya bazu a hankali har ya zama abin da kowane manomi mai hali yake so a fuskar gidansa a ƙarni na 18. Bangon da babu kai ko ɗaya a jikinsa, tsawo zalla, kusan kullum na ƙarni na 20 ne, bango biyu da rata a tsakani.

To, gidan da ke hoton, fuskarsa ɗaurin Filanda ce, kawunan kuma baƙi-baƙi ne masu sheƙi, har suka yi wa bangon zane irin na allon dara. Ba fenti ba ne. A da, tara ɗanyen bulo ake yi tsibi guda a fili a cinna masa wuta, kan da ya fi kusa da wutar sai ya ƙone har ya narke ya yi gilashi-gilashi. Birkila ya tsince su ɗaya bayan ɗaya ya yi ado da su. Amma da na zagaya baya, sai na tarar da wani gida dabam. Bulon baya sirara ne, kaurinsu bai wuce inci 2 da ɗan wani abu ba, ba su miƙe sosai ba, kwaɓin da ke tsakaninsu mai kauri ne domin ya cike karkatarsu, jerin kuma ɗaurin Ingila. A inda tsohon bango ya haɗu da sabo akwai tsaga miƙaƙƙiya daga ƙasa har sama, bulon wannan bai shiga cikin na wancan ba. Wannan tsagar ita ta gaya mini cewa an yi wa tsohon gida sabuwar fuska. Da na hau saman bene na haska tocila a bayan wani kabad, ga ginshiƙan katako na ainihin gidan nan tsaye a cikin bango, da ramukan turakun da aka haɗa su da su. Gidaje da yawa a Suffolk da Norfolk, yankuna biyu na gabashin Ingila, haka suke: ƙashinsu katako ne na ƙarni na 16 ko 17, rigarsu jan bulo ce ta jikoki da suka samu kuɗin alkama.

Girman bulo ma yana ba da labari, ko da yake ba a rantsuwa a kansa shi kaɗai. A 1784, bayan yaƙin da Birtaniya ta yi asarar Amurka a cikinsa, gwamnati ta ɗora haraji a kan kowane bulo dubu. Masu yin bulo suka ƙara masa girma domin adadin ya ragu. Wani ɗan kasuwa mai suna Joseph Wilkes a garin Measham ya riƙa yin bulo da ya kusa ninka na kowa, kuma har yau ana ganinsu a garin. Daga baya aka ninka harajin manyan, sannan aka soke harajin gaba ɗaya a 1850.

Launi kuwa na ƙasar wurin ne. Yumɓu mai ƙarfe a ciki yana fitowa ja. Mai alli da yawa yana fitowa ruwan ɗorawa ko fari-fari. Kafin zuwan hanyoyin jiragen ruwa na cikin ƙasa da layin dogo, ɗaukar bulo zuwa nesa tsada gare shi, don haka a gonar ake haƙa yumɓun da kaka, a bar sanyin hunturu ya farfasa shi, a zuba a ma'auni da bazara, a shanya, a gasa. Kududdufin da agwagi ke wanka a bayan wannan gida, ina kyautata zaton ramin yumɓunsa ne. A gefen wani bulo kusa da ƙofar baya na ga sawun yatsu uku na wanda ya ɗaga shi tun yana ɗanye. Na sa nawa yatsun a ciki, suka fi ramukan girma. Yara suna cikin masu ɗaukar ɗanyen bulo a wancan zamanin.

Ɗaga kai sama. Tsakanin ƙasa da bene akwai sahu uku da suka ɗan turo waje kamar ɗamara, suna nuna inda daɓen bene yake. Bisa kowace taga akwai bulo masu laushi da aka goge da hannu har suka zama kamar haƙoran mataji, aka jera su a karkace suna riƙe juna, kwaɓin tsakaninsu bai fi kaurin farce ba. Wannan aikin gwanaye ne, kuma shi ne mafi tsada a duk fuskar gidan. A bangon gefe, inda ya yi tsini ya bi gangaren rufi, an kwantar da bulo a karkace ƙungiya-ƙungiya kamar haƙoran zarto, domin kada ruwa ya samu yankakken baki ya shiga. Gabashin Ingila ya daɗe yana ciniki da Holan, kuma wannan salo da tayil ɗin rufi masu lanƙwasa suna cikin abin da yankunan biyu suka yi tarayya a kai.

A ciki, da kin buɗe ƙofar gaba, bango za ki tarar a gabanki: gefen ƙaton bututun hayaƙi ne da ke tsakiyar gidan, murhu biyu suna ba juna baya, ɗaki a dama ɗaki a hagu. Murhun kicin mutum yana iya shiga ya zauna a gefensa, da ɗan tanderun burodi a jikin bango. Ta arewa, inda rana ba ta bugawa, rufin ya zarce ƙasa har kusan kafaɗar mutum, ya rufe ɗakin madara. Ana sauka taki biyu kafin a shiga, daɓen na bulo ne, kantocin na dutse, ko da tsakar bazara akwai sanyi a ciki.

Fadoji suna da masu rubuta tarihinsu. Manomin da ya gina wannan gida da matan da suka kaɗa madara a ɗakin nan, abin da suka bari kenan. Kuma su ne mafi yawa a rajistar: cikin gine-gine kusan 400,000 da ke cikinta, fiye da kashi 90 cikin 100 suna daraja ta biyu ne, wato irin wannan gida. Daraja ta ɗaya, ta manyan coci da fadoji, ba ta wuce kashi biyu da rabi ba.

Ranka ya daɗe, ni birkila ne, shekarata ashirin da wani abu ina gini. An ce a irin gidan nan an hana gyara da siminti. Ni kuwa a sanina babu abin da ya kai siminti ƙarfi. Ina hikimar?

Maigida, gaskiyarka, siminti ya fi ƙarfi. Ƙarfin nasa ne matsalar, kuma wannan tambaya taka ita ce na fi so a duk wasiƙun, domin a nan ne ake kashe gidajen nan da kyakkyawar niyya.

Simintin da muka sani, wani birkila ɗan garin Leeds mai suna Joseph Aspdin ne ya yi masa rajista a 1824, kuma sai a ƙarni na 20 ya mamaye ginin gidaje. Kafin nan da farar ƙasa ake kwaɓi: a ƙona dutsenta, a kashe shi da ruwa, a bar shi ya kwanta, a haɗa da yashi, kamar kashi ɗaya cikin uku na yashin. Wannan kwaɓi ba ya kamawa dare ɗaya. Iska yake sha a hankali, watanni, har ya koma dutse mai laushi. Idan ka karce tsohon kwaɓi da makulli, zai ɗan zubo, ka ga farin ƙullutu-ƙullutu a ciki.

Ga yadda bangon yake aiki. Tsohon bulo yana shan ruwa kamar soso, bangon kuma ba shi da rata, sau da yawa ba shi da shimfiɗar da ke tare laima a ƙasa, don sai a ƙarshen ƙarni na 19 aka fara wajabta ta. Ruwan sama ya buga, bango ya sha. Iska ta kaɗa, bango ya fitar. Hanyar fitar ita ce kwaɓin, tunda ya fi bulon laushi da ƙofofi. Gishirin da ruwan ke ɗauke da shi a kan kwaɓin yake taruwa, ƙanƙara ma shi take ci. Bayan shekaru masu yawa sai a ƙwaƙule a sake cikewa, bulo na nan lafiya. Kwaɓin ne yake mutuwa a madadin bulo. Ban da haka, harsashin waɗannan gidaje ba shi da zurfi, ƙasar yumɓu kuma tana kumbura da damina ta tsuke da rani. Farar ƙasa tana bin wannan motsi. Siminti ba ya bi, sai ya tsage, ko ya tsaga bulon.

Na ga abin da idona a bangon yamma na gidan nan, wanda ya fi shan ruwa, domin iskar da ke kawo ruwan sama a Ingila yawanci daga kudu maso yamma take. Wani magini ya taɓa cike duk layukan da siminti mai toka-toka, aiki mai tsabta a ido. Lokacin da na je, layukan simintin suna tsaye cak kamar raga, fuskar bulon kuma ta zaizaye ta shige ciki, wasu har yatsana ya nutse zuwa gaɓa ta farko. A gindin bangon jan gari ne zube kamar an niƙa. Abin da ya faru shi ne ruwa ya shiga ta siraran tsagogi ya rasa mafita, ya tsaya a cikin bulo. Da sanyi ya sauka, ruwan ya daskare, kuma ruwa idan ya zama ƙanƙara yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100. Kowane hunturu sai ya ɓalle ɓawo ɗaya. Daga ciki kuma ɗakin ya fara warin laima, mai gidan ya shafa fenti mai hana ruwa wucewa, laimar ta ƙara hawa sama ta fara cin bakin katakon daɓen bene. Raina ya ɓaci ƙwarai ranar, domin bangon ya yi fiye da shekara ɗari biyu lafiya kafin a taimake shi.

Gyaran da ya dace aikin haƙuri ne. Da hannu ake ƙwaƙule layi, da siririn kurfi, ba da injin yanka ba, don injin yana cinye bakin bulo ya faɗaɗa layin har abada. Zurfin ya kai kamar ninki biyu na faɗin layin. A wanke ƙura, a jiƙa, a danna kwaɓin farar ƙasa sosai, a bar shi ya fara ƙarfi, sannan a bubbuga da burushi mai tauri har yashin ya fito. A rufe da jiƙaƙƙen buhu kada rana ko iska ta busar da shi da wuri, kuma ba a yin aikin idan ana tsoron ƙanƙara. Inda tsohon kwaɓi yake da ƙarfinsa, a bar shi. Bulon da fuskarsa ta lalace, wani lokaci ana zaro shi a juya bayansa waje. Kada kuma a wanke bango da feshin yashi, don yana kankare taurin da wuta ta ba fuskar bulo. Wannan ra'ayi na gyara kaɗan da barin abin da ke lafiya, ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine da William Morris, mai zane kuma marubuci, da abokansa suka kafa a 1877 ce ta tsaya a kai, kuma har yau tana koyar da magina.

Mutum mai hannu irin naka, mako biyu sun ishe shi ya saba da farar ƙasa. Abin da ke da wuya shi ne barin gaggawa.

Malam, tagar nan da ke toshe, an ce mini saboda haraji ne. Haka ne?

Harajin gaskiya ne, ɗan'uwa. An kafa shi a 1696, da farko a kan gidaje masu taga goma zuwa sama, a 1766 aka sauko da shi zuwa bakwai, aka soke shi a 1851. Mutane sun toshe tagogi domin su rage biya. Amma ba kowace toshiya ba ce tasa. Wadda aka toshe daga baya, bulonta dabam yake da na bango, ba ya ɗaure da gefen tagar, daga ciki kuma akan ga alamar katakon samanta. Ta hoton nan bulonta iri ɗaya ne da na bango, sahu-sahu sun shige juna, bayanta kuma bangon da ya raba ɗakuna biyu ne ya zo ya tokare. Tun farko a toshe aka gina ta, domin fuskar gidan ta daidaita dama da hagu. Inda na ga sawun harajin a fili shi ne ɗakin madara: an yafe wa irin ɗakunan nan biya idan an rubuta sunansu a kai, kuma a katakon saman tagar har yanzu ana iya karanta rubutun, fentin ya kusa gogewa.

Malam, ni da maigidana muna zaune a Ingila, muna tunanin sayen irin wannan gida. Idan yana cikin rajista, na gwamnati ne ko namu? Kuma tunda fuskar ce abin kallo, ai cikin gida muna iya yin yadda muke so?

Hajiya, gidan naku ne, kuɗin gyara ma daga aljihunku. Shiga rajista ba ya mayar da shi na gwamnati, kuma ba ya wajabta muku buɗe wa masu yawon buɗe ido. Abin da yake ɗora muku shi ne neman izini.

Tsarin ya samo asali ne daga ɓarnar da bama-bamai suka yi a Yaƙin Duniya na Biyu, dokar tsara birane ta 1947 ta kafa shi sosai, dokar da ake aiki da ita yanzu kuma ta 1990 ce. Hukumar Historic England, mai kula da wuraren tarihi, ke ba da shawara, ministan al'adu ya sa hannu. Kusan duk ginin da ya riga 1700 kuma bai sauya kama ba yana ciki, haka mafi yawan na 1700 zuwa 1850.

Batun cikin gida, a nan mutane ke faɗawa rami. Kariyar ta haɗa da gidan duka, waje da ciki: matakalar bene, murhu, tanderu, ƙofofi, daɓe, har kantocin ɗakin madara. Takardar rajistar takan zo da 'yan layuka kaɗan, wani lokaci ba ta ambaci ciki ba sam, amma bayanin don a gane gidan ne kawai. Abin da ba a ambata ba shi ma a kare yake. Barga, rumbun hatsi da katangar da ke cikin harabar tun kafin 1 ga Yuli, 1948 su ma galibi suna ƙarƙashin kariyar. Duk aikin da zai taɓa kamannin gidan sai da izinin ƙaramar hukuma, kuma neman wannan izini ba a biyan kuɗi. Yin aiki ba tare da shi ba laifi ne da ke iya kai mutum kurkuku har shekara biyu, ko tara marar iyaka.

Kafin ku biya ko sisi, ku sa lauyanku ya binciko takardun izinin duk wani sauyi da aka yi wa gidan. Umarnin mayar da abu yadda yake ba shi da wa'adi, kuma wanda ke riƙe da gidan yake bi. Idan mai gidan na baya ya cire tagogin katako ya sa na roba ba izini, ku za a iya cewa ku mayar. Ku kuma ɗauki mai duba gini wanda ya san tsofaffin gidaje, don wanda bai sani ba yana ɗora na'urar auna laima a bango zai ce a yi wa bangon allurar maganin laima a shafe da siminti.

Na san abin da zai fi damunki shi ne sanyi. Tagogin gaba irin masu zamewa sama da ƙasa ne, da igiya da nauyin ƙarfe a ɓoye a cikin katakon gefe, gilashinsu na hannu ne, idan kin kalli bishiya ta cikinsa sai ki ga tana ɗan rawa. Da wuya a ba ku izinin cire su. Abin da aka saba yarda da shi shi ne a gyara katakon, a toshe kafofin iska da siririn burushi a gefuna, sannan a ƙara wani gilashi daga ciki wanda ake iya cirewa. Ku haɗa da labule mai kauri da shimfiɗar ulu a ƙarƙashin rufi, a bar wa iska hanya ta bakin rufin. Tun kafin ku kira mai zanen gini, ku gayyato jami'in kula da gine-ginen tarihi na ƙaramar hukumar ya zo ya zagaya gidan tare da ku, ku nuna masa inda kuke son banɗaki da kicin. Yawanci a ɓangaren baya, wanda aka riga aka sha sauyawa, ake samun wurin da zai yarda.